Kason Iri na Uku

Ranar da muka kai Gwaggo makwancinta kowa ya yi kuka ban da ni. Ba dauriya na yi ba, kukan ne bai zo ba, kuma yau wata biyar ke nan ina jiransa. Na zauna a falon gidanmu na haya a Greensboro, mutane suna shigowa suna miƙo hannu suna cewa ya haƙuri, ina cewa da godiya, bakina yana aikinsa ba tare da ni ba.

Hajiyar Nijar da ta yi mata wanka ta tsaya a bakin ƙofa tana goge ido da gefen mayafi. Ta ce, "Malam, vraiment, ban taɓa wanke hannuwa irin nata ba. Shekara uku a Amurka, amma kantar hauya tana nan a tafinta." Malamin nan ɗan Gana mai tuƙa tasi, wanda ya ja mana sallar gawa, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana ta maimaita cewa Mama ta tafi da yajinsa, don duk Juma'a sai ta ƙulla yaji ta ba ni in kai masa masallaci. Ɗaliban jami'a uku, gwauraye, waɗanda suka mai da gidanmu wurin cin tuwon Lahadi, suka jeru a kan kafet sun haɗa kai da gwiwa. Babbansu ya ce, "Yaya, I can't believe it. Ni fa ta ce ba za ta koma gida ba sai ta ga matata." Sai ya fashe da kuka, ƙato da shi, har da gemu. Maƙwabciyarmu Baturiya ta kawo furanni, muka rasa yadda ake yi da su a gidan makoki, maiɗakina ta tsoma su a bokiti a kicin. 'Yan biyunmu mata, masu shekara uku, suna ta leƙa ɗakinta suna tambaya da Turanci ina Gwaggo ta ɓuya.

Ni kuwa abin da ke raina ba na faɗa a zaman makoki ba ne. Hankalina yana kan layi shida na dawa da ke tsaye a wata gona a Summerfield. Su ne ƙarshen irin gidanmu a duniya, irin da ya fi shekara ɗari yana zuwa daga hannu zuwa hannu, kuma ni na sace shi daga akwatin Gwaggo na shuka.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina shekara shida, bayan rasuwarsa. Ta yi aure sau biyu, ta haihu sau huɗu, ba wanda ya rayu, don haka duk son da ta tara da duk faɗan da ta tara ni kaɗai na sha. Da daddawar da take yi ta kai ni makaranta. Da na zo nan karatun ilimin ƙasar noma sai ta raɗa min suna Likitan Ƙasa, kuma ba yabo take nufi ba. Ta zo mana a 1993 da aka haifi 'yan biyu, da sharaɗin wata shida. Wata shidan ya zama shekara uku.

Ba ta taɓa zama a kan kujerar falonmu ba, sai ƙasa. Ba ta yarda da miyar da ta kwana a firji ba, ta ce miyar da ba a ɗumama da safe ba ta mutu. In ƙwayar shinkafa ɗaya ta faɗi a kafet sai ta rarrafa ta nemo ta. Wata Lahadi na ɗauke ta a mota na zaga da ita Irving Park don ta ga gidajen masu hali. Ba ta ko kalli gidajen ba, filayen gabansu take kallo.

"Wannan duk ciyawa suka shuka?"

"Ciyawa ce, Gwaggo."

"Ina dabbobin?"

"Ba su da dabbobi. In ta yi tsawo sai su yanke su zubar."

"Su ba ta ruwa, su ba ta taki, su yanke su zubar." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Juya mu koma gida, kaina ya fara ciwo."

Sai da ta yi wata biyu da zuwa sannan ta nuna min abin da ta ɗauro a haɓar zaninta tun daga gida: ƙulli uku na tsohuwar atamfa, kowanne bai fi cikin tafi biyu ba, cike da dawa kaura an cakuɗa ta da toka. Na tashi da faɗa, na ce ba a shigowa da iri ƙasar mutane haka, dokarsu ta hana. Ta ce ba wanda ya tambaye ta, kuma da sun tambaya da ta ce musu kakanta ne.

Kakan nata, mahaifin mahaifinta, shi ne wanda muke kira Tsoho. A gidanmu ba a faɗar sunansa. Shi ya sare dajin da ya zama gonarmu a kudancin Kano, tun kafin zuwan Turawa da daɗewa. Labarin da muka tashi da shi shi ne bafatake ne daga arewa, ya yada zango, ƙasar ta yi masa, ya zauna. Ya haƙa rijiya, ya kafa gandu da 'ya'yansa maza huɗu, har ya kai ga rumbu tara. Gwaggo ta riske shi, tana kamar shekara tara ya rasu. Ta ce a lokacin ya makance, amma in kaka ta yi shi ke zaɓen iri. Za a jere masa zangarniyoyi a tabarma, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana murza ƙwayar da yatsa, ya ware masu nauyi. Ita ce mai miƙa masa, a nan ta koya.

Kuma shi ya kafa dokar kaso uku. Kaso na farko a shuka da ruwan fari. Na biyu a ajiye, ko ruwan ya yaudari mutane ya ɗauke, a sake shuka. Na uku a rataye shi a saman madafa inda hayaƙi ke bugunsa, ba mai taɓa shi sai sabuwar dawa ta shiga rumbu. Gwaggo ta ce a wata shekarar yunwa gidan ya koma cin tafasa da dusa, kason nan yana rataye a kansu. Matar Tsoho ta roƙe shi ya sauke a yi wa ƙaramar 'yarsu kunu, ya ƙi. Yarinyar ta rasu. Da damina ta dawo shi kaɗai ke da iri a ƙauyen, ya zauna a ƙofar gida yana raba wa mutane tafi-tafi. Matar ba ta ƙara cin abinci a kwano ɗaya da shi ba, kuma ba ta ƙara yi masa magana da fara'a ba har ta mutu. Gwaggo ba ta taɓa cewa ya yi daidai ko bai yi ba, faɗa kawai take yi.

Bayan rasuwarsa gandu ya watse. Ɗa ɗaya ya koma noman gyaɗa, ya yi kuɗi har ya rufa kwano, gyaɗar ta daina yi, ya mutu a ɗakin aro. Ɗaya ya bi aikin jirgin ƙasa, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ɗaya ya tafi haƙar kuza ya dawo da tari. Mahaifin Gwaggo ne ya tsaya a gona. Daga nan rabon gado ya yanka ta, titi ya ratsa ta, gari ya matso ya cinye gefenta. Jikoki suka zama direbobi da malaman firamare da teloli, masu noman cikinsu suka koma irin zamani. Yankin ƙarshe Baffa ya sayar, ƙanen Gwaggo, autan ɗakinsu. Gwaggo ta ci gaba da shuka kaurar Tsoho a wani ɗan fili a bayan ɗakinta, har shekarar da Baffa ya gina shaguna a wurin. Ta ce in ta bar irin a gida za ta dawo ta tarar an yi kunu da shi, shi ya sa ta taho da abinta.

A Summerfield muka samu inda za mu shuka. Mai gonar mahaifin wata abokiyar aikina ne, baƙar fata, dattijo mai kusan shekara tamanin, da can manomin taba, yanzu sai shanu kaɗan da lambu. Gwaggo ta sa masa Maigona. Ranar farko ta durƙusa ta ɗebi jar ƙasar ta murza, ta ɗanɗana a harshe, ta ce za ta yi. Maigona ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce rabonsa da ganin mai ɗanɗana ƙasa tun mahaifiyarsa. Ba ta jin Turanci, ba ya jin Hausa, amma sukan yi awa guda a bakin shinge suna hira da hannu, ni Likitan Ƙasa ina tsaye gefe ba mai neman ra'ayina.

A ranar ne ya nuna mana wasu itatuwa can nesa, ya ce bayansu ne gonar da kakansa ya yi bauta, bayan an 'yanta su ya yi ta ƙwadago har ya mallaki wannan. Ya faɗa ne kamar mai nuna inda rijiya take. Na fassara wa Gwaggo. Ta ce in sake faɗa, na sake. Da muka hau hanya sai ta juyo ta dube ni.

"A gaban baƙi ya faɗa. Bai ji kunya ba?"

"Nan ba abin kunya ba ne a wurinsu, Gwaggo."

Muka wuce gonakin dawakai biyu. Sannan ta ce, "Tsoho ba bafatake ba ne. Kamo shi aka yi yana yaro, daga duwatsun kudu. Bai san sunan garinsu ba. Daga safe zuwa azahar yana gandun ubangidansa, da yamma yana gayaunarsa, ɗan filin da aka yanka masa. A nan ya ga zangarniya ɗaya ta fi saura, ya ware ta. Shekara goma sha ɗaya yana zaɓe yana shukawa, da dawar nan ya fanshi kansa, da ita ya fanshi matarsa. Abin da ke cikin akwatina ke nan."

A nan na gane rigimarta da Baffa. Ina nan Amurka aka yi ta, aka ce min kan gona ce. Ashe ranar da zai sayar da yankin ƙarshe ta fito gaban masu saye da shaidu ta ce gonar da bawa ya fanshi kansa ya sare ba ta sayarwa ba ce. Baffa ya ce ƙarya take, su ba jikokin bayi ba ne, tsufa ne ya fara taɓa ta. Shekara biyu ba su gaisa ba. Ko ranar da za ta taho, matarsa ya aiko ta yi mata sallama.

Shukar farko ta ba ta wahala tun kafin a fara. Ta ce garin da kullum ana ruwa, ta yaya manomi zai san ranar shuka? Ta zaɓi wata safiya a watan Mayu bayan ruwa mai ƙarfi, muka zuba kaso na farko. Dawa ta fito, ta yi kore shar, ta wuce ni, ta wuce rufin rumfar shanun Maigona. Masu wucewa a mota suna tsayawa kallo. Agusta ta wuce ba ta yi ciki ba, Satumba ta wuce haka. Sai ƙarshen Oktoba ta fara fitar da kai, kwana kaɗan sanyi ya sauko, raɓa ta daskare a kanta, ta ƙone tsaye. Ba mu sami ƙwaya ko ɗaya ba.

Na ce lokaci ne bai ishe ta ba, baɗi a shuka da wuri. Da digirina biyu na faɗi haka, da ƙarfin gwiwa kuwa. Muka zuba kaso na biyu tun Afrilu. Ta ƙara tsawo fiye da bara, ta kuma fitar da kai a makon da ta fitar bara, sanyi ya kashe ta a makon da ya kashe ta bara. Sai a lokacin na sauke girman kai na tambayi wani masanin tsirrai a wurin aikinmu. Ya ce dawarmu ta gida ba kwanaki take ƙirgawa ba, tsawon yini take dubawa. Ba ta ɗaukar ciki sai yini ya gajarta, kuma a nan yini ba ya gajarta sai sanyi ya kusa. Maganin shi ne a rufe ta da baƙin tampol tun tana ƙarama, daga ƙarfe biyar na yamma zuwa safiya, kullum ba fashi, kamar mako huɗu, sai ta ɗauka kaka ta yi.

Na zo da murna na faɗa wa Gwaggo. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"Wato ƙarya za ka yi wa dawa."

"Ba ƙarya ba ce, dabara ce."

"Rana tana sama ka ce mata dare ya yi. Mene ne sunan wannan a makarantarku?"

Na ce mata irin ya shekara uku, kowace shekara ransa yana raguwa, in aka ƙara jira zai mutu a ƙulle. Ta ce kaso na uku ba zai shiga ƙasar nan ba, gida zai koma, ita za ta kai shi da ƙafarta. Na ce wa za ta ba, wanda ya gina shaguna? Na ce da wane ƙarfin, ita da hawan bene yake sa ta haki? Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Ta dube ni ta ce, "Ka ci biyu, ka bar min ɗaya." Ta shiga ɗaki. Kwana uku tana miƙo min tuwo ba ta kallon fuskata, amma naman da ke cikin miyar duk a kwanona yake.

A watan Mayun bana, ranar da maiɗakina ta kai ta awon jini, na buɗe akwatin. Na juye kaurar a leda, na cika ƙullin da dawar da na saya a kantin abincin dabbobi, na zuba toka, na ɗaure yadda take ɗaurewa. Na so in bar rabi. Sai na yi lissafi irin na 'yan boko, na ce tsohon iri ne, rabinsa ba zai tsiro ba, in na raba ba zan sami abin kirki ba. Na kwashe duka. Abin da nake hangowa shi ne ranar da zan shigo falo da dami a kafaɗa in ajiye a gabanta, in ga bakin da za ta ce min Likitan Ƙasa da shi.

Kusan duka ya tsiro. Na kafa katakai, na sayi tampol, na roƙi Maigona ya rufa min asiri. Ya ce shi bai ji daɗin wannan ba, amma ba zai faɗa ba, tunda ko ya so ba shi da Hausar faɗa. Na fara rufewa a tsakiyar Yuni. Kwana huɗu na yi. A na biyar Gwaggo ta faɗi a banɗaki, aka ce zuciya ce, ruwa ya taru a huhu. Daga nan rayuwata ta koma tsakanin wurin aiki da asibiti, ni ne tafinta, ba ta shan magani sai daga hannuna. Ƙarfe biyar na yamma takan same ni ina riƙe da kofi a bakinta.

A mako na uku ta ce in kawo mata ƙullinta. Na yi kamar na manta. Washegari ta sake faɗa, na kawo. Maiɗakina tana zaune a gefen gado. Gwaggo ta ɗora ƙullin a ƙirjinta, ba ta ma kwance shi ba, ta murza ta bayan atamfar da yatsa biyu.

"Wannan ƙwayar ƙanana ce. Ta wace ce?"

"Ta kanti ce, Gwaggo."

"Tawa fa?"

"Tana gonar Maigona. Na shuka."

"Nawa ka shuka?"

"Duka."

Ta rufe ido. Na tsaya ina jiran zagi, ina ma son ta zage ni, don ta iya, kuma da ta yi da na sami sauƙi. Ba ta yi ba.

"Ta fito?"

"Ta fito. Ta kai ƙirjina."

"Kana rufe ta?"

"Kwana huɗu na rufe, sai kika kwanta."

"Ƙarfe nawa yanzu?"

"Huɗu da rabi."

"To me kake yi a nan? Tashi ka je ka yi mata ƙaryar taka."

"Gwaggo, likita ya ce yau kada a yi nisa."

"Likita ba shi da dawa a gona. Ga Maman 'yan biyu nan. Tashi."

Na tashi. Duk rayuwata in ta ce tashi da wannan muryar tashi nake yi. Na tarar dawar ta wuce katakan da na kafa, tampol ba ya kaiwa ƙasa. Ni da Maigona muka yi ta fama, muna ƙara itace, muna danne gefe da duwatsu, iska tana ɗagewa. Muka ɗauki kusan awa biyu. Da na dawo asibiti na tarar da maiɗakina a baranda tana tsaye, mayafinta a hannu. Ita ta laƙƙana mata kalmar shahada, ta kuma ce ta amsa sarai. Na tambaye ta ko ta bar wani saƙo. Ta ce sau ɗaya ta buɗe ido ta tambaya ko na isa, ta ce mata na isa.

Ga abin da ya fi min nauyin rubutawa. Rufin yini ɗaya ba ya yin komai, na sani. Amma a watan Yuli ne, akwai sauran lokaci. Da na koma washegarin jana'iza na ƙara tsawon katakan na yi mako huɗu cur, da wataƙila ta yi. Ban koma ba. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in. Kullum ƙarfe huɗu da rabi sai in duba agogo, in ga lokaci ya yi, in ci gaba da zama. Ba na jin baƙin ciki, ba na jin komai, ƙafata ce kawai ba ta zuwa wajen mota. Sau biyu na kama hanyar Summerfield, na kai gidan man da ke kwanar, na juyo. Maigona ya bugo waya sau uku, na ce wa maiɗakina ta ce ba na nan. Daga baya 'yarsa ta faɗa min ya gwada jan tampol ɗin shi kaɗai, ya faɗi ya bugu a ƙugu, ta hana shi.

Sai a farkon Nuwamba na je, da safe, bayan sanyin farko. Karan ya ninka ni tsawo, ganyen ya yi baƙi ya langaɓe. Ta fitar da kai, manya kuwa, irin waɗanda Tsoho zai ware. Na lanƙwaso ɗaya na murza, ba komai a ciki sai ruwa. Na bi layi shidan nan kai bayan kai har azahar ta wuce, ina neman ƙwaya ɗaya da ta yi tauri. Maigona yana zaune a kan bokiti da sandarsa yana kallona har na gama. Ya ce matar nan manomiya ce ta gaske, ya yi baƙin cikin rashinta. Sannan ya tambaya ko zai iya ba shanunsa karan, na ce ya ba su.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa kabarin da ke ƙasar baƙi ya yi mata faɗi, ya haɗa ta da 'ya'yanta huɗu da ba ta gama gani ba. Ta riƙe amanar da aka ba ta tun tana shekara tara har ta tsufa, ta tsallake teku da ita a haɓar zani. A hannuna ta lalace, cikin damina uku.

Makon jiya saƙo ya zo cewa in buga waya gidan wani maƙwabcin Baffa ranar Asabar, zai je ya jira. Na ɗauka maganar kayanta ce. Muka gaisa, muryarsa ta tsufa fiye da yadda na san ta. Ya ce bara Gwaggo ta aiko masa da kaset, ta ce tana nan tafe da irin Tsoho, ya nema mata wuri. Bai ba ta amsa ba. Ya ce tun da ta rasu kullum sai ya saka kaset ɗin.

"Maganar da ta faɗa a kan Tsoho gaskiya ce," in ji shi. "Na sani tun ina yaro. Kunyar mutane ce ta sa na ƙaryata ta." Ya yi tari. "Na karɓi aron gona a bayan gari. Ni da hannuna zan shuka. Duk mai tahowa kafin damina ka ba shi ƙullin."

Na faɗa masa. Ban rage komai ba, da akwatin, da dawar kanti, da asibiti, da watannin da na yi a zaune ina duba agogo. Layin yana ta ƙara, na ɗauka ma ya katse.

"Ko ƙwaya ɗaya?"

"Ko ɗaya, Baffa."

"Ta sani?"

"Ta san na shuka. Ba ta san ƙarshen ba."

Ina jin yaran gidan mutane suna wasa a bayansa, da wata mata tana kiran a kawo mata ruwa.

"Na riga na kai taki," ya ce. "Jaki goma sha biyu."

Na mayar da wayar ɗaya kunnen.

"To," ya ce. "Sai masara ke nan."